Tikitin Intanet na Jirgin Ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Matsayin Hujjar Kuɗin Tafiya

Mafi yawan abin da ake rubutawa game da jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna bai wuce batun kujeru, da sanyin tarago, da kiyaye lokaci, da kuma tsaro ba, kuma duk waɗannan sun cancanci a yi magana a kansu. Amma akwai wani ɓangare na hidimar da ba kasafai ake waiwayarsa ba, wato amfanin tikitin bayan an sauka daga jirgi, lokacin da ma'aikaci ya koma ofis yana neman a mayar masa da kuɗin da ya kashe, ko kuma yana ba da lissafin kuɗin da aka damƙa masa tun kafin ya tashi. Ina aiki ne a ofishin kuɗi na wata ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna, kuma ma'aikatanmu ba sa rabo da zuwa Abuja taro ko bita, saboda haka da wuya mako ya wuce tikitin wannan jirgi bai zo teburina ba. Ta wannan fuska nake son in auna tsarin sayar da tikiti ta intanet na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC, in duba ko takardar da yake ba fasinja tana iya gamsar da akanta a yau, sannan ta sake gamsar da odita, wato mai binciken kuɗi, idan ya buɗe fayil ɗin bayan shekara biyu ko uku.

An buɗe wannan layin dogo mai tsawon kilomita 186 a watan Yulin 2016, daga tashar Idu a Abuja zuwa tashar Rigasa a Kaduna, yana ratsa Kubwa da Jere da Rijana da wasu ƙananan tashoshi. A shekarun farko a taga ake sayen tikiti, kuma kowa ya san irin dogon layi da cuwa-cuwar da jaridu suka yi ta ba da rahoto a kai a wancan lokaci. A watan Janairun 2021 ne aka ƙaddamar da saye ta intanet, tare da haɗin gwiwar kamfanin SecureID. Bayan mummunan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya ci rayuka kuma aka yi garkuwa da fasinjoji na tsawon watanni, an dakatar da zirga-zirga har zuwa ranar 5 ga Disamba na shekarar, kuma da aka dawo sai aka wajabta gabatar da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN kafin a sayar wa mutum tikiti. Don tsaro aka kafa wannan sharaɗi, ba don ofisoshin kuɗi ba, amma mu ma mun amfana da shi ƙwarai, domin shi ne ya ɗaure tikiti da mutum guda ɗauri mai ƙarfi.

Duk akantan da aka miƙa wa takardar tafiya tambayoyi huɗu ne a ransa: wa ya yi tafiyar, yaushe, daga ina zuwa ina, kuma nawa ya biya. Tikitin intanet na wannan jirgi yana amsa su duka a shafi ɗaya. Akwai sunan fasinja, da ranar tafiya da lokacin tashi, da tashar hawa da ta sauka, da ajin tarago, da lambar kujera, da adadin kuɗi, sannan ga lambar QR ɗin da ake haskawa da na'ura a ƙofar shiga. Hatta sunan jirgin kansa yana taimakawa, domin wanda ya fara da AK daga Abuja ya taso, wanda ya fara da KA kuwa daga Kaduna, saboda haka kallo ɗaya ya isa a gane ko tikiti biyun da aka kawo na zuwa da dawowa ne, ko kuwa duka na hanya ɗaya ne aka haɗa bisa kuskure. Wanda bai taɓa zama da tarin takardun tafiyar mota ba ba zai san girman wannan ni'ima ba. A tashoshin mota sau da yawa ba a ba da rasit ko kaɗan, in kuma an matsa sai a yago wa mutum farar takarda mai hatimi ya cike da hannunsa, babu sunan da za a iya tantancewa, babu farashin da za a iya kwatantawa da wani abu. Irin wannan takarda kan jefa akanta cikin hali mara daɗi, ko dai ya karɓa alhali bai gamsu ba, ko kuma ya ƙi karɓa ya zama kamar yana tuhumar abokin aikinsa da ƙarya. Tikitin jirgin ƙasa ya ɗauke mana wannan nauyi, domin farashinsa sananne ne ga kowa. A lokacin da aka dawo da zirga-zirga a Disambar 2022, alal misali, an sanar da naira 3,600 ga ƙaramin aji, 6,500 ga na tsakiya, da 9,000 ga babban aji, kuma duk wanda ya kawo adadin da ya saɓa wa abin da hukuma ta sanar a lokacin tafiyarsa, to ba a buƙatar dogon bincike kafin a nemi bayani.

Babban abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne kwafin da ake turawa ta imel. A wasu ƙasashe, kamar Ingila, ƙofar fita daga tasha mai aiki da na'ura takan haɗiye tikitin kwali idan tafiya ta ƙare, har sai mai buƙatarsa don neman kuɗinsa ya roƙi ma'aikacin tasha ya buɗe masa ƙofar gefe domin ya fita da abinsa. A nan kuwa wanda tikitinsa ke cikin imel babu mai karɓe masa shi, kuma ko wayarsa ta faɗa ruwa ko an sace ta, saƙon yana nan yana jiransa a duk kwamfutar da ya buɗe. Sai dai wannan fa'ida tana da sharaɗi guda da mutane da yawa ke sakaci da shi, wato a sayi tikitin da imel ɗin mai tafiyar, ko na ofishinsa. Da yawa daga manyan ma'aikata ɗansu ko direbansu ko wani yaro a shagon kwamfuta ne ke saya musu, sai ya turo hoton fuskar waya ta WhatsApp, kuma galibi hoton lambar QR kaɗai yake nunawa, an yanke wurin kuɗi ko wurin kwanan wata. Hoton ya isa a shiga jirgi, amma bai isa a rufe bauca ba, wato takardar da ofis ke biyan kuɗi da ita. Idan bayan wata biyu aka nemi cikakken tikitin, sai a tarar yaron ya canza waya ko ya manta kalmar sirrin imel ɗinsa, a nan kuma wahalar ke farawa.

Inda nake son in daɗe shi ne kan tikitin takarda, irin ɗan siririn nan da ƙaramar na'ura ke fitarwa a tagar sayar da tikiti ta tasha, domin a nan ne ƙananan ma'aikata suka fi yin asara. Takarda ce irin ta rasit ɗin POS, wadda ba tawada ake buga ta da ita ba. An shafe fuskarta ne da wani sinadari da ke baƙi idan zafi ya taɓa shi, kuma kan na'urar yana ɗumama wuraren da ake son rubutu ya fito ne kawai. Wannan ya sa buga ta ke da sauri da araha, amma shi ne kuma ya sa rubutun ba ya daɗewa. Hasken rana yana dusashe shi, zafi yana ɓata shi, maiƙo da gumi da turare suna cin sa, kuma wasu nau'o'in roba masu laushi, irin na aljihun walat da na jakar ajiye kati, suna shanye rubutun a hankali idan takardar ta daɗe manne da su. Salatif ma haka yake yi, duk inda ya bi ta kan rubutu sai wurin ya koɗe kafin sauran. A garin da zafin watan Maris da Afrilu ke kaiwa inda yake kaiwa, tikitin da aka bari a gaban gilashin mota na yini ɗaya yana iya komawa abin da ba ya karantuwa.

Na ga wannan da idona a hannun wani matashin ma'aikacinmu mai tsananin kula da kayansa. Ya dawo daga bita, kuma saboda gudun kada tikitinsa ya yage sai ya kai shagon kwamfuta aka yi masa lamineshin. Injin lamineshin da zafi yake aiki, saboda haka takardar ta fito baƙa ƙirin daga sama har ƙasa, tana ƙyalli a cikin robarta, babu harafi ɗaya da ya tsira. Ya ajiye ta a gabana ya ce, “Oga Akanta, wallahi don in adana ta na yi, yanzu ya za a yi?” Na ɗaga ta wajen taga ina juyawa ko hasken zai nuna inuwar lambobi, amma babu komai. Abin da ya cece shi shi ne saƙon cire kuɗi da bankinsa ya turo masa a ranar, da takardar halartar taron mai ɗauke da sa hannunsa, da kuma amincewar shugaban sashensa a rubuce. Ya samu kuɗinsa, amma bayan zirga-zirgar da ba ta kamata ba, a kan kuɗin da guminsa ne tun farko.

Dalilin da ya sa wannan batu ya fi ƙarfin a kira shi ƙaramin abu shi ne tsawon lokacin da doka ke so a ajiye takardu. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta wajabta wa kamfani adana bayanan lissafinsa na tsawon shekara shida, kuma masu ba ƙungiyoyi tallafi daga ƙasashen waje su ma sukan gindaya sharaɗin shekaru a cikin yarjejeniyarsu. A aikin gwamnati kuwa ƙa'idojin kuɗi sun hana a ba ma'aikaci sabon kuɗin tafiya matuƙar bai ba da lissafin na baya ba, kuma rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya kusan kowace shekara yana ambaton kuɗaɗen da aka ba ma'aikata ba su kawo lissafinsu ba. Abin da ke biyo baya sananne ne: takardar tuhuma, sannan cirewa daga albashi. Takardar da ke iya dusashewa cikin 'yan watanni ba za ta iya ɗaukar nauyin shekara shida ba. Saboda haka a ofishinmu mun tsayar da doka cewa duk tikitin irin wannan takarda a yi masa fotokwafi a ranar da aka kawo shi, a haɗa asalin da kwafin da sitefula a gefen da babu rubutu, a saka a ambulan na takarda ba na leda ba, sannan a ɗauki hotonsa a ajiye a kwamfuta. Wanda kuma ya saya ta intanet, muna so ya turo mana saƙon imel ɗin kansa yadda ya zo, mu buga shi a kan takardar ofis da firinta, domin wannan bugu shi ne mai ƙarko. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin tikitin taga da na imel, ba na jinkiri wajen cewa ma'aikaci ya ɗauki na imel, ko da a tsaye yake a cikin tashar.

Duk da wannan yabo, akwai gurbin da tikitin bai cike ba, kuma ya kamata duk akanta ya san da shi. Tikiti shaida ce ta cewa an sayi kujera, ba shaida ba ce ta cewa an zauna a kanta. Kwafin da aka buga kafin tafiya da wanda aka buga bayanta kamarsu ɗaya, babu wata alama a jikin takardar da ke nuna an haska lambar a ƙofa. Tsohon tikitin kwali da mai duba tikiti ke hudawa ko ya ja wa layi da biro ya fi na zamani a wannan fuska guda, domin hudar ita ce sa hannun jirgin. Haka kuma idan aka soke tafiya, saƙon yana nan a imel da kyansa kamar ba abin da ya faru. An ga irin wannan a ƙarshen watan Agustan 2025, lokacin da jirgi ya sauka daga kan dogo a kusa da tashar Asham aka dakatar da zirga-zirga na makonni. Duk wanda ya riga ya sayi tikitin kwanakin da suka biyo baya yana riƙe da takarda mai suna da kwanan wata da farashi, ta tafiyar da ba a yi ba. Ba ina cewa ma'aikata na amfani da wannan don cuta ba ne, domin mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman haƙƙinsu kawai. Abin da nake cewa shi ne odita ba ya aiki da kyakkyawan zato, kuma idan shi ya gano saɓanin kafin mu, mutuncin ma'aikacin ne ke zubewa tare da na ofishin. Shi ya sa tikiti ba ya tafiya shi kaɗai a fayil ɗinmu, sai da takardar izinin tafiya, da rasit ɗin masauki ko takardar halarta, da ɗan gajeren rahoton abin da aka je yi.

Akwai kuma lokutan da gwamnati ke sauƙaƙa kuɗin jirgi saboda bukukuwan ƙarshen shekara, kamar yadda aka yi daga 21 ga Disamba, 2023 zuwa 4 ga Janairu, 2024, inda aka ɗauki fasinjoji kyauta. Tikitin irin wannan lokaci yana tabbatar da tafiya, amma babu kuɗin jirgi da za a mayar wa kowa, kuma yana da kyau ofis ya rubuta waɗannan ranaku ya ajiye, domin bayan shekara biyu ba kowa zai tuna ba.

Matsalar da ta fi ci mini rai ita ce ta ƙarancin kujeru. Ba a buɗe saye sai tafiya ta matso, kuma a ranakun da jama'a suka fi yawa, musamman Juma'a da Lahadi da safiyar Litinin, kujeru kan ƙare cikin ɗan lokaci. Ma'aikacin da aka ce masa da yamma gobe ya kasance a Abuja ƙarfe goma ba shi da zaɓi mai yawa, sai ya faɗa hannun masu saye su sayar, ya biya fiye da abin da ke rubuce. Idan ya dawo, abin da ke jikin tikiti kaɗai zan iya biya, ragowar kuwa daga aljihunsa ta fita, domin babu rasit ɗin da ɗan cuwa-cuwa zai ba shi, kuma ko ya bayar babu fayil ɗin da zai karɓa. In kuwa tikitin da sunan wani ya fito, to gaba ɗayansa ba shi da amfani a wurina, ko da na san a raina cewa mutumin ya yi tafiyar. Faɗa wa abokin aiki haka ba abu ne mai daɗi ba, musamman mai ƙaramin albashi da ya ranto kuɗin don ya cika umarnin ofis. A ganina rabin laifin nan na ofisoshi ne da ke yanke shawarar tafiya a ƙurarren lokaci. Ofishin da ke tura mutane Abuja a kai a kai ya kamata ya ware mutum ɗaya mai sayen tikiti da zarar an buɗe, da sunan kowane matafiyi da lambarsa, da imel ɗin ofis, da kuɗin ofis, ta yadda ma'aikaci ba zai ma fitar da nasa ba balle ya zo yana nema.

Sai batun bakin hanya biyu. Rigasa tana da tazara daga tsakiyar Kaduna, Idu ma haka take da tsakiyar Abuja, kuma ba abin mamaki ba ne kuɗin tasi na zuwa tasha da na barinta ya kai kuɗin jirgin ko ya fi shi. Tikitin jirgi bai shafi wannan ba, mai Keke Napep kuma ba ya ba da rasit. Manhajojin kiran mota irin su Bolt suna turo rasit ta imel, ga wanda ya samu mota ke nan, amma hanya mafi adalci da na gani ita ce ofis ya yanke adadi guda na zirga-zirgar cikin gari ya rubuta a ƙa'idarsa, ya riƙa sabunta shi idan man fetur ya tashi, maimakon ya tilasta wa mutane ƙirƙiro takardun da kowa ya san ba na gaske ba ne.

Da hukumar za ta ji shawara daga teburin akanta, abu biyu zan roƙa. Na farko shi ne a riƙa turo wa fasinja ɗan gajeren saƙo da zarar an haska tikitinsa a ƙofa, mai ɗauke da sunansa da lambar tikitin da lokacin da ya shiga, domin na'urar ta riga ta san wannan bayani, turawa ce kawai ta rage. Wannan saƙo shi zai maye gurbin hudar tsohon tikiti, ya kuma rufe gurbin da na ambata. Na biyu shi ne a samar da hanya mai sauƙi da ma'aikatu da kamfanoni za su buɗe asusu nasu, su sayi tikitin ma'aikatansu daga wuri guda, su kuma sauke jerin tafiye-tafiyen wata a takarda ɗaya mai sunan ofis. Kaso mai yawa na fasinjojin wannan layi ma'aikata ne da ke tafiya da kuɗin aiki, kuma sun cancanci a yi tsari da su a zuci.

Hukuncina dai shi ne, a duk hanyoyin ƙasa da ke tsakanin Kaduna da Abuja babu takardar tafiya da ta kai tikitin intanet na wannan jirgi tsabta da sauƙin tantancewa, kuma ina ba ma'aikatanmu shawarar su bi jirgin idan lokacin tashinsa ya dace da aikinsu. Amma darajarsa a matsayin hujja ta rataya ne a kan yadda aka saye shi da yadda aka adana shi: da sunan mai tafiya, ta imel ɗin da zai iya buɗewa bayan shekaru, a kan farashin hukuma, sannan a buga shi a takarda mai ƙarko cikin makon da aka dawo. Wanda kuma ya karɓi ɗan siririn tikitin taga, ya ɗauki hotonsa da waya tun yana zaune a ɗakin jira, ya tabbatar sunansa da kwanan wata da adadin kuɗin sun fito sarai a hoton, sannan ya naɗe shi a cikin littafi ko ambulan har ya iso ofis.